Hidimar Sallah Daidai Ƙarfin Maigida



Duk wanda ya leƙa shagon tela a Kano ko Zariya ko Maraɗi cikin goman ƙarshe na azumi zai tarar da fitila a kunne har asuba, keke na ta sukuwa, ga yadi tuli guda, kowane ƙulli an maƙala masa 'yar takarda mai sunan mai shi. A bakin ƙofa kuwa ba a rasa magidanci a tsaye yana lallashi, a taimaka a gama masa na yara. Sau da yawa kuɗin yadin nan ba daga aljihunsa suka fito ba. Wani bashi ya ci a wurin aiki, wani adashin uwargida aka kwashe, wani buhun masarar da aka ajiye saboda damina ya fitar ya sayar. Kwana uku da saukowa daga idi, masu bin bashi sun fara sallama a zaure.

Lissafin a fili yake. Daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haye 1,000. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin shekarar naira 70,000 ne. Mai wannan albashi, da 'ya'ya biyar, shi ake jira ya yi wa kowa kala bibbiyu, da takalmi da hula da ɗankunne da jaka. Saurayin gidan ma yana can yana fafutukar kai kayan sallar budurwa, don kada ƙawayenta su yi mata dariya.

Abin lura shi ne addinin da ya zo da sallar bai ɗora wa kowa wannan nauyi ba. An so mutum ya yi wanka, ya sa mafi kyawun tufafin da yake da su, ya tafi idi ta wata hanya ya dawo ta wata. Abin da aka wajabta a ƙaramar sallah zakkar fidda kai ce, mudu huɗu na mudun Annabi daga abincin da aka fi ci a gari, kuma maƙwabci mabuƙaci ake miƙa wa. Layya sunna ce ga mai iko, malaman Malikiyya sun bayyana cewa wanda iyalinsa ke buƙatar kuɗin ragon don larurarsu ba a neme ta daga gare shi ba. Gasar kala nawa aka ɗinka, da ragon wa ya fi ƙaho, mutane ne suka ƙirƙiro wa kansu.

Masana a wasu ƙasashe sun auna irin wannan kashe kuɗi. A 1993 wani masanin tattalin arziki a Amurka, Joel Waldfogel, ya tambayi ɗalibai darajar kyaututtukan Kirsimeti da aka ba su, ya gano cewa tsakanin kashi goma cikin ɗari da kashi ɗaya bisa uku na kuɗin da aka kashe asara ce, domin wanda aka bai wa kyautar bai ɗauke ta da tsadar da aka saye ta ba. Bayan shekara goma, Leaf Van Boven da Thomas Gilovich suka nuna cewa mutane sun fi samun farin ciki mai ɗorewa daga abin da suka yi, kamar tafiya ko fita cin abinci, a kan kayan da suka saya suka ajiye.

Kakanni a ƙasar Hausa sun riga su sanin wannan. A tambayi duk wani ɗan shekara hamsin sallar ƙuruciyarsa, da wuya ya tuna launin rigar da ya sa. Zai tuna daren jajibiri, 'yan mata zaune a tsakar gida ƙafafu ɗaure da lalle, mai kitso tana ta fama da kan ƙaramar da ta ƙi tsayawa, ƙamshin cincin ya cika gida. Zai tuna yadda aka ɗora masa langar tuwon shinkafa da miyar taushe ya kai gidan maƙwabta, langar kuma ba ta dawowa wayam, sai da waina ko dambun nama a ciki. Zai tuna yawon sallah a ƙafa, daga gidan gwaggo zuwa gidan kawu, har a dire wajen kaka, ita kuma ta tare jikanta da tsokana: "Maigidan, ina goron sallata? Ko da hannu biyu ka zo mini?" Daga nan ta kwance bakin zani ta ba shi 'yan canji. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma a wannan yawon yaro ke sanin danginsa gida-gida, ya san wa zai durƙusa wa, wa zai yi wa wasa.

Hawan sallah ma kyauta ake kallonsa. Uban da ya saɓa ɗansa a kafaɗa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, yaron ya ga 'yan lifida da dogarai, ya ji ƙarar bindigogin gargajiya, bai biya ko sisi ba. Hawan sallah na Kano shi ne UNESCO ta shigar cikin jerin al'adun da duniya ta gada a Disambar 2024.

Ba wanda ke cewa a hana yaro sabon ɗinki. Yaron da ya fita da tsohuwar riga a cikin sa'o'insa yana jin abin a ransa, kuma tela da ɗan kasuwar Kantin Kwari da wannan lokaci suke ciyar da iyalansu. Kala ɗaya mai kyau ya isa. Mai halin yin na biyu ya duba layinsu, akwai maraya da ba wanda ya auna shi.

Saboda haka roƙon da ake yi ga iyaye shi ne, tun watan Sha'aban maigida da uwargida su zauna su yanke abin da za su iya ba tare da bashi ba, su faɗa wa yara gaskiya da bakinsu. Ranar sallah kuma maigida ya ajiye waya, ya kama hannun 'ya'yansa da kansa, ya kai su gaida dangin da aka daɗe ba a taka gidajensu ba.