Gardamar Majalisa: Kwamfuta, Waifai da Ranmu a Kan Titi

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a Zangon Agege



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga fiyayyen halitta, muna miƙa godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba mu dama mu tsaya gaban manya mu ce wani abu. Maganar da za mu yi maganar 'yan kasuwa ce, ta riba da asara, sai dai asarar da muke jin tsoro a yau ta wuce ta kuɗi.

Sanin kowa ne, duk majalisar da mutum ya zauna a Agegen nan, daga bakin masallaci bayan la'asar har zuwa teburin mai shayi da daddare, akwai gardamar da ba ta ƙarewa. Wannan ya ce kwamfuta da intanet su suka lalata yara, wancan ya ce wanda bai iya su ba zamani ya bar shi a tasha. A yi ta ja har a kira isha'i, gobe a ɗora daga inda aka tsaya. To, jama'a, a ganinmu wannan gardama ta riga ta ƙare, domin shi mai zagin na'urar ma da ita yake karɓar kuɗin kayansa. Abin da ya rage mana mu tattauna shi ne ƙa'ida: ina ake buɗe ta, ina kuma ake rufe ta.

Mu tuna cewa wannan zango namu ma na'ura ce ta raya shi. Layin dogo ya tashi daga Ikko ya kai Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, kuma shi iyayenmu suka biyo suna sauko da dabbobi suna hawa da goron Agege. Ba su tsaya gardamar ko jirgi alheri ne ko sharri ba. Sun hau shi sun yi fatauci, amma kuma sun san ba a tsayawa a gabansa.

Bari mu fara da shago da makaranta. Wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, lokacin da layi ɗaya sai mai hali. Yau ga ta a aljihun mai tura baro. Shi ya sa wasu iyaye ke cewa, tun da yaro yana da waya, me za a yi da kwamfuta? Amsar tana wurin hukumar JAMB, wadda tun 2015 ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya a kan kwamfuta. Yaron da ya ƙware da latsa waya da babban yatsa, amma bai taɓa zama gaban allon bugu ba, rabin hankalinsa a ranar jarrabawa wajen neman haruffa zai tafi, alhali kuwa yana da karatun a kansa. Ga kasuwar Computer Village nan Ikeja, maƙwabta muke. Wanda Allah ya hore wa ya sayi ko ta hannu ce, amma ya tafi da wanda ya san kanta, a gwada batir a gabansa, kuma ya karɓi rasit mai sunan shago, domin araha a bakin titi ta sha kai mutane caji ofis kan kayan sata.

A ɓangaren ciniki kuwa, ba sai mun ba kowa labarin farkon 2023 ba, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta ɓace. Mai POS da mai karɓar taransifa sun yi ciniki, wanda ya dage sai kuɗi a hannu ya zauna yana kallon tumatirinsa yana ruɓewa. Daga nan kowa ya shiga. Sai dai ƙofar da ciniki ya shigo ta nan ɓarawo ma ya shigo. Ƙa'ida guda biyu sun ishe mu: kada kaya su bar shago saboda an nuna maka alat a wayar mai saye, sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka, kuma duk wanda ya bugo waya ya ce daga banki yake, ya nemi lambar sirrinka ko lambar da aka turo maka yanzu-yanzu, to ɓarawo ne, ko da ya kira sunanka da na mahaifinka.

Daga shago mu shiga gida. Yanzu gidaje da yawa sun ajiye ɗan akwatin nan na waifai, wanda ake sa wa layi ko a jawo masa waya daga kamfani, shi kuma ya raba intanet ga duk wayoyin da ke kusa. A gidajen haya irin namu, inda ɗaki ke kallon ɗaki, sabis ɗin ba ya tsayawa a bakin ƙofar mai shi, yana ratsa bango ya leƙa maƙwabta. Nan ne gardama ta biyu ta taso. Wani ya ce ai iska ce, wa ya mallaki iska? To ba iska ba ce, malam. Data aunata ake yi kamar yadda ake auna gero da mudu, kuma wani ne ya biya. Mun koya tun a Islamiyya cewa dukiyar mutum ba ta halatta sai da yardarsa, kuma ba mu ji an ware dukiyar da ido ba ya gani ba. In ana so a haɗa kuɗi kamar adashi, ɗakuna huɗu ko biyar su sayi akwati ɗaya, wannan abu ne mai kyau kuma ya fi sauƙi, amma a yi shi da magana a fili, kowa ya san abin da zai biya a ƙarshen wata.

Shi kuma mai akwati yana da nasa aikin. Lambar sirrin da ya zo da ita daga kamfani galibi a rubuce take a gindinsa, duk wanda ya ɗaga ya gani, saboda haka a canza ta tun ranar farko. Dalili kuwa bai tsaya kan ƙarewar data ba. Tun ƙarshen 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, ke nan duk wanda ya yi zamba ta kan layinka, sunanka za a fara gani idan bincike ya taso. Har ila yau, a ajiye akwatin a tsakiyar gida kuma a sama, domin bangon siminti yana rage masa ƙarfi, a daina zagin kamfani kan laifin da ba nasa ba. Game da yara kuma, kwamfuta ta zauna a falo inda mai wucewa zai ga abin da ake kallo, kuma a sa lokacin da ake kashe akwati da dare, kamar yadda ake sa sakata a ƙofar gida. Uban da ba ya barin baƙon da bai sani ba ya shiga ɗakin 'ya'yansa, bai kamata ya bar wannan ƙofar a buɗe har asuba ba.

Yanzu mun zo kan babbar magana, wadda saboda ita muka miƙe. Asarar shago ana mayar da ita, rigimar maƙwabta ana sasanta ta, amma wayar nan ba ta zama a gida, tana bin mu har kan titi, kuma can ne ake asarar da ba ta da madadi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Ta kuma ce direban da ke amfani da waya yana tuƙi, haɗarin da ke kansa ya ninka kusan sau huɗu. Mu 'yan kasuwa ne, bari mu yi lissafin da kanmu. Mota ko babur mai gudun kilomita 60 a awa, yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Wanda ya sunkuya daƙiƙa uku kacal don ya ga wa ya turo saƙo, ya yi tafiyar mita 50 ido a rufe. A tsakanin Pen Cinema da Oko-Oba, yara nawa, masu talla nawa, keke nawa ke cikin mita 50?

A nan ma akwai gardama, ita ce ta uku. Idan aka yi magana sai a ce ai haɗari ƙaddara ce, in kwana ya ƙare ba makawa. Babu Musulmin da ke musun ƙaddara. Amma malamanmu da ke zaune a nan sun koya mana cewa ɗaure raƙumi ake fara yi kafin a ce an dogara ga Allah, kuma wanda ya kashe rai da ganganci akwai hakki a wuyansa. Irin wannan gardamar aka yi a 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta tilasta sa hular kwano. Wasu suka ce ana asiri da ita, wasu suka kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai. An yi dariya, amma ƙwarya ba ta taɓa tare kwalta ba.

Mu dubi abin da ya biyo baya ga 'yan'uwanmu masu okada. A 2012 gwamnatin Legas ta hana babur bin manyan hanyoyi 475. A Janairun 2013 Kano ma ta hana acaɓa. A ranar 1 ga Yunin 2022 aka haramta okada gaba ɗaya a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, a Satumba kuma aka ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. Hujjar da hukuma ta bayar ita ce yawan haɗari da aikata laifi. Ko mun gamsu da hujjar ko ba mu gamsu ba, samari masu yawa daga Arewa sun rasa abin yi, an kuma murƙushe babura masu yawa. Mu baƙi ne a idon wasu komai daɗewarmu a nan, kuma idan yaro ɗaya ya bi hannun da ba nasa ba, waya maƙale a kunne, ba sunansa ake kira ba, cewa ake yi Hausawa ne. Laifin mutum ɗaya, abincin mutum dubu.

Sai kuma mu masu kaya. Tirelar da ta ɗauko shanu zuwa kwatar Oko-Oba, ko tumatir da albasa zuwa Mile 12, tafiyar kusan kilomita dubu take yi daga Kano. Mai kaya yana nan a shago hankalinsa a tashe, sai ya riƙa buga wa direba waya, kun wuce Jebba, kun shigo Ibadan, me ya tsayar da ku? Direban da bai yi barci ba, ga nauyi a bayansa, ga kuma maigida a kunne yana azalzala. Alhazai, a karɓi lambar yaron mota, shi ne hannunsa ba ya kan sitiyari. A kuma daina ɗora mutane a kan kaya don a rage kuɗin mota, domin idan tirela ta kife, su ne ba su da abin riƙewa.

Kada mu manta da dogon da ya ratsa tsakiyarmu. An buɗe gadar sama ta Pen Cinema a Maris na 2021, jirgin Legas zuwa Ibadan ya fara aiki sosai a kan sabon layi a wannan shekarar, a 2024 kuma jirgin Red Line ya fara jigila tsakanin Agbado da Oyingbo, yana tsayawa a Agege. Jirage sun ƙaru, gudunsu ma ya ƙaru. A ranar 9 ga Maris 2023, a mararrabar PWD da ke Ikeja, jirgi ya yi karo da motar ma'aikatan gwamnatin jiha da ta nemi riga shi wucewa, mutum shida suka rasu, da dama suka jikkata. Jirgi ba ya kaucewa, kuma ko an taka birki sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya. Abin da kawai yake iya yi maka shi ne ya busa, to yaya wanda ya toshe kunnuwansa biyu da waya yana tafe a kan dogo? Yaya wanda ya kasa kaya a kan layin, ido a kan bidiyo?

Ya ku 'yan'uwa, maganin ba baƙo ba ne a wurinmu. Kullum sau biyar liman yana cewa a daidaita sahu a kashe waya, kuma ba mu taɓa jin wanda ya tsaya gardama ba. Kowa ya yarda akwai wurin da hankali ba ya rabuwa biyu. Abin da muke roƙo shi ne mu ɗauki sitiyari, da kan babur, da tsallaka titi ko dogo, a matsayin wuri na biyu da ake rufe waya. Wanda kiran ya zame masa dole ya gangara gefe ya tsaya, ciniki ba zai gudu a cikin minti ɗaya ba.

Saboda haka muna gabatar wa ƙungiya shawarwari kamar haka. Na ɗaya, shugabannin tashoshin babur da keke da manyan motoci su sa wa kansu doka da tara kan amsa waya ana tuƙi, tun kafin jami'an LASTMA ko na kiyaye haɗurra su sa mana tasu. Na biyu, limamanmu su keɓe huɗuba kan hakkin hanya. Na uku, a haɗa kuɗi a sayi kwamfutoci kaɗan a ajiye a makarantun Islamiyyarmu, yara maza da mata su koyi bugu kafin su kai shekarar jarrabawa. Na huɗu, kowa ya adana lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, da 112 ko 767 na agajin gaggawa na Legas. Idan an yi haɗari a kira su a kuma kai ɗauki, a daina ɗaukar hoton wanda ke kwance cikin jini. Bai dace uwa a Katsina ko Maraɗi ta fara jin rasuwar ɗanta a WhatsApp ba.

Muna neman afuwa idan mun tsawaita. Allah ya tsare mu da iyalanmu a gida da kan hanya, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.