'Yar Takardar Gidan Wasan Kwaikwayo



Yau a kan wata 'yar takarda za mu yi magana, takardar sanarwar wasan kwaikwayo. Ita ce ake liƙawa a ƙofar gidan wasa, ko a miƙa wa ɗan kallo a hannu. Tana faɗin sunan wasan, da ranar yinsa, da waɗanda za su fito, da kuɗin shiga. A Landan, tun zamanin Shakespeare ake liƙa irinta a kan tituna. Aikinta na dare ɗaya ne. Ana tashi daga wasa, sai a yar.

To, ku saurari wannan. A ƙasar Ostareliya, takarda mafi tsufa da aka buga, wadda har yau tana nan, ita ce sanarwar wani wasa da aka yi a birnin Sidni a shekarar 1796. Wanda ya buga ta, George Hughes, fursuna ne da aka kawo daga Ingila. Da yawa cikin 'yan wasan ma haka suke. Can a Kanada aka tsince ta cikin wani tsohon kundi, aka mayar da ita gida a 2007.

Wannan ya taɓa min zuciya ƙwarai. Mutane ne da aka raba da ƙasarsu, amma suka tsaya suka koyi wasa, suka kira jama'a kallo. Babu hotonsu, babu muryarsu. Sunayensu kuwa suna nan a takardar.

Saboda haka, masu shirya wasa a makarantu da dandali, ku rubuta sunan kowa a takardar sanarwarku. Ku sa rana, ku sa shekara. Ku adana ko da guda ɗaya.