Bayan Tafi, Sai Awon Kai



Yau da ɗalibai masu koyon harshe nake, irin waɗanda ke zuwa Badagry koyon Faransanci. Ɗalibi, ka yi jawabi gaban aji, an tafa maka. To, saura awon kai.

Tun farko, ba abokinka waya ya naɗi jawabin. Da dare ka kalla, ka tambayi kanka.

Na bayan aji ya ji ni? Idona na kan takarda ko kan jama'a? Wace kalma ce ta sarƙe mini harshe?

Kada ka tsaya a "na yi ƙoƙari". Zaɓi gyara ɗaya tak. Maimaita shi da ƙarfi, maimaita shi har bakinka ya saba.

Maki na malam ne, gyara kuwa naka ne. A huta lafiya.