Ciyayya da Kayan Miya: Jawabi ga Ɗaliban Yaƙi da Jahilci



Jawabin wannan wata a kan ciyayya ne da kayan miya. Hausawa sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Wannan magana ta dace da ciyayya ƙwarai.

Ciyayya tsohuwar al'ada ce. Bayan sallar magariba kowane magidanci yakan fito da akushinsa zuwa zaure ko dandali. Wani ya kawo tuwon dawa da miyar kuka, wani tuwon masara da kuɓewa, wani dambu. Sai a haɗa a ci tare. Baƙo da matafiyi sukan samu. Wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba yakan ci ya ƙoshi, ba wanda ya ji asirinsa. Idan kuma aka ga magidanci ya kwana biyu bai fito da kwano ba, dattawa sun gane akwai matsala, sai su taimaka masa a ɓoye. Mata ma sukan aika wa maƙwabta kwano, musamman mai jego da marar lafiya, da lokacin azumi da Salla.

Yanzu tsadar abinci ta sa wasu sun koma ci a ɗaka. Wannan asara ce. Ranar da aka daina ciyayya, maraya da tsoho su ne farkon masu kwana da yunwa.

Daddawa

Miya ba ta daɗi sai da kayan haɗi, kuma babbarsu ita ce daddawa. Da kalwa ake yin ta, wato 'ya'yan ɗorawa. Akan dafa kalwa ta daɗe a wuta, a surfa, a wanke, a sake dafawa. Sannan a rufe ta kwana biyu ko uku har ta yi wari. Daga nan a kirɓa, a mulmula, a shanya. Ana kuma yin daddawar batso da 'ya'yan yakuwa, ana yin wata da waken soya.

Daddawa tana da sinadarin gina jiki irin wanda ake samu a wake da nama. Gidan da ba ya iya sayen nama kullum, daddawa tana rage masa asara, musamman ga yara masu tasowa. Saboda haka mai sare ɗorawa don itace ko gawayi, miyar gidansa yake sarewa. Ɗorawa takan yi shekaru kafin ta fara 'ya'ya. A bar wadda ke gona, a kuma dasa sabuwa.

Dunƙule da gishiri

Dunƙulen kanti irin su Maggi yana ƙara ɗanɗano, amma gishiri ne ya yi yawa a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Yawan gishiri yana kawo hawan jini. Idan uwargida ta jefa dunƙule a miya, ta rage gishiri.

Gishirin kuma a sayi mai sinadarin aidin. A shekarar 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci. Rashin aidin shi ke kawo maƙoƙo, yana kuma tauye basirar yaro tun yana ciki. Wanda ya koyi karatu ya duba rubutun jikin leda kafin ya biya. Ga amfanin zuwa aji ke nan. A ajiye gishirin a rufe, nesa da laima da rana.

Yaji

Yaji ma abokin tuwo ne. Akan daka barkono da citta da kanumfari da masoro da kimba, wasu su ƙara ƙuli-ƙuli. A tsince gyaɗa da barkono kafin daka. Wanda ya yi fumfuna a zubar da shi, domin fumfunar gyaɗa tana da dafi mai lalata hanta. Bayan an daka, a zuba a busasshiyar kwalba mai murfi.

Tsabta wajen ci

Hannu da yawa a kwano ɗaya yana bukatar tsabta. Kada mutum goma su wanke hannu a ƙwarya ɗaya, domin na ƙarshe da dauɗar tara yake wankewa. A zuba wa kowa ruwa daga buta, ya wanke da sabulu. A rufe abinci saboda ƙuda. Ɗumame kuma a ɗumama shi ya yi zafi sosai. Ta haka ake tare amai da gudawa.

Yara ƙanana a zuba musu nasu daban, domin babba ya fi su saurin loma.

Aikin gida ga kowane ɗalibi: ya rubuta sunayen kayan miya biyar da ake amfani da su a gidansa, ya kawo wa malaminsa. Da magariba kuma ya fito da kwanonsa waje.

Allah ya ba da damina mai albarka. Wassalam.