Woody da Motar Langa-langa

A 1995 kamfanin Pixar na Amurka ya fitar da Toy Story, dogon fim na farko da aka zana gaba ɗayansa da kwamfuta. A kaset na fara kallonsa, mu yara mun cika tabarma. A fim ɗin kayan wasan yara ne ke motsi da magana. Kishin da ɗan tsana Woody ya yi da zuwan sabon abin wasa Buzz Lightyear, wallahi irinsa na ji da aka haifi ƙanena. Da dare har leƙen motata ta langa-langa nake yi, ko za ta motsa.

A kashi na uku, na 2010, Andy, mai su Woody, zai tafi jami'a, ya miƙa wa ƙaramar yarinya Bonnie kayan wasansa. Na girma a lokacin, amma sai da na share hawaye.