Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Ilmin Kimiyya

Jama'a, sau da yawa akan ji ana cewa ilmin kimiyya baƙon abu ne wanda Turawa suka zo da shi. Tarihin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya isa ya kawar da wannan zato.

An haifi Bello a shekarar 1781, shi kuwa ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne. Shi ya gina birnin Sakkwato a 1809, ya gama littafinsa na tarihi, watau Infakul Maisuri, a 1812. Ya hau gadon sarauta a 1817, ya yi shekara 20 yana mulki, kana ya rasu a Wurno a 1837.

Duk da nauyin mulki da yaƙe-yaƙe, bai ajiye alƙalami ba. Ya yi rubutu a kan maganin basur, da ciwon ido, da kuma amfanin ganyen filasko, yana tattara abin da malaman likitanci na dā suka bayyana domin amfanin jama'arsa.

A 1824 wani Baturen Birtaniya mai yawon bincike, Kyaftin Clapperton, ya sauka a Sakkwato. Sa'ad da ya nuna wa Sarki kayan auna taurari, sai ya iske ya san buruji da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Bello ya sa aka zana masa taswirar ƙasa da Kogin Kwara, ya kuma nemi a aiko masa da likita daga Ingila. Da Clapperton ya komo a 1826, cikin tsarabarsa har da littafin lissafi na Uklidis Bayunane da Larabci. Sarki ya yi murna ƙwarai, ya shaida masa cewa dā suna da irinsa a gidansu, gobara ce ta cinye.

To, jama'a, abin lura ke nan. Mutumin da ya riƙe daula, malami ɗan malami, bai ga aibi ga neman lissafi da magani daga duk inda suka fito ba. Yau kuwa akwai garuruwa da yawa da ke kukan rashin likita da injiniya. Saboda haka wajibi ne kowane uba, ko a Sakkwato yake ko a Manchok, ya bar ɗansa da 'yarsa su zurfafa karatun kimiyya. Da ma Hausawa sun ce ilmi gishirin zaman duniya.