Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Masu Ba Da Ƙaramin Rance

An umurce ni in yi muku bayani a kan kamfanonin nan masu ba talakawa ƙaramin rance ba da jingina ba, da yadda sukan yi in Gwamnati ta sauya musu doka farat ɗaya. Zan ɗauko misalina daga ƙasar Indiya.

A Jihar Andhra Pradesh waɗannan kamfanoni sun yawaita ƙwarai. Al'adarsu ita ce a tara mata ƙungiya ƙungiya, kowace ta tsaya wa 'yar'uwarta, mako mako kuwa ma'aikaci ya zo ƙauye karɓar biya. Da ciniki ya yi daɗi sai suka shiga rige-rige, har mace ɗaya takan ci bashin kamfani uku ko huɗu, ta karɓo nan ta biya can. Ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya ba ta, gama ba littafi guda da ya haɗa su. Sai labarin matsin masu karɓar biya ya yi ta zuwa, har da na waɗanda suka kashe kansu.

Cikin watan Oktoba 2010 Gwamnatin Jihar ta kafa doka. Ta ce kowane kamfani ya yi rajista wurin hukumar gunduma, biya ya koma wata wata, kada kuma a bi mutum gida, sai a karɓa a bainar jama'a, kamar ofishin majalisar ƙauye. A ganina dokar tana da dalili, sai dai an yi ta da gaggawa, waɗansu 'yan siyasa kuma suka ƙara da cewa kada kowa ya biya. Biyan da a da ya kusa cika ɗari bisa ɗari ya faɗi ƙasa da kashi 20. Bankuna kuwa, da yake su ke ba kamfanonin jari, suka tsuke bakin jaka, har ga waɗanda ba su da reshe a Jihar.

To, yaya suka yi? Waɗansu, kamar Spandana da Share, suka tafi wurin bankunan a 2011 suka roƙi a sassauta musu biya zuwa shekaru. Spandana ba ta fita daga wannan ƙangi ba sai 2017. SKS kuwa, wadda ta fi su girma, ba ta bi wannan hanya ba. Ta haƙura da bashin Jihar, ta share shi daga littafinta, ta rufe rassa, ta sallami ma'aikata, ta mai da ƙarfinta waɗansu jihohi. Wanda ya kafa ta, Vikram Akula, ya sauka a Nuwamba 2011, a 2019 kuma kamfanin ya narke cikin bankin IndusInd. Ita Bandhan ta Kalkata, da yake harkarta can gabas take, ta tsira da sauƙi, har ta zama cikakken banki a 2015.

Amma gyaran da ya tsai da sana'ar daga Babban Bankin Indiya ya fito. Ya naɗa kwamitin Malegam, wanda ya kawo rahoto a Janairu 2011. Cikin Disamba na shekarar aka yanke cewa kuɗin ruwa kada ya wuce kashi 26 cikin ɗari a shekara, kada kuma fiye da kamfani biyu su ba mutum ɗaya rance. Malamai, ku lura da wannan na biyu: ba ya yiwuwa sai da littafi guda. Don haka kamfanonin suka riƙa aika sunayen masu bashinsu ofisoshin da ke ajiye su, a duba kafin a ba kowa. Sun karɓi wannan ɗawainiya ne domin sun gwammace doka ɗaya ta Babban Banki da kowace Jiha ta yi tata. A 2022 aka ɗage iyakar ruwan, aka ce biyan bashin gida kada ya wuce rabin abin da gidan ke samu a wata.

Nan gida ma Babban Bankin Nijeriya ya soke lasin irin waɗannan bankuna 224 a Satumba 2010, da 179 a Mayu 2023. Saboda haka roƙona shi ne, in wani ya sauka ƙasarku zai ba da rance ko zai karɓi ajiya, Malam ya nemi ganin lasinsa, ya rubuta sunan kamfanin da ƙauyukan da zai shiga, a sanar da Dagatai, su kuma su riƙa kawo labari in kamfani na biyu ko na uku ya shiga gida ɗaya.

Iyakar jawabina ke nan.